Dashen inuwa ya yi tsawo ya langaɓe, na rana kuma yana yaushi: wanne zai rayu?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga wajen Gumel ya rubuto cewa ya sayi 'yan itatuwa 60 a leda, mangwaron aure da darbejiya da maɗaci da zogale, yana jiran damina ya dasa a gonarsa da harabar makaranta. Rabi ya jera su a gindin wata babbar darbejiya, rabi a fili. Na inuwa sun miƙe, ganyensu kore shar, amma sirara ne, suna langaɓewa. Na fili gajeru ne, kuma kullum da azahar sai su yi yaushi duk da ana ba su ruwa safe da yamma. Bara ma ya dasa waɗanda suka taso a inuwa, bazara ba ta ƙare ba suka bushe. Yana so ya sani: rana ce ke kashe su ko ƙarancin ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa ka sha inuwarsu.

Waɗannan gajerun da suke ba ka tausayi da azahar, su ne masu lafiya. Da za a ce in zaɓi talatin cikin sittin ɗin nan in kai gona, su zan ɗauka, in bar maka dogayen. Kuma abin da ya kashe maka na bara ba rana ba ce ita kaɗai, ba kuma ƙishirwa ba ce ita kaɗai. Ganye ne ya fi ƙarfin saiwa, sai rana ta zo ta tona asirin.

Ganye shi ne inda itace yake haɗa abincinsa. Yana ɗaukar ruwan da saiwa ta turo, ya ɗauki iskar kabon daga sarari, ya yi amfani da hasken rana ya mai da su sukari, da sukarin nan ake gina kara da reshe da sabuwar saiwa. Iskar tana shiga ne ta wasu 'yan ƙofofi da ke bayan ganye, ido ba ya ganinsu, ɗaruruwa ne a wurin da bai fi kan ashana ba. Matsalar ita ce duk lokacin da ƙofofin suka buɗe don iska ta shiga, ruwa yana fita ta nan, ya bi iska. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha ta wannan hanya yake tafiya, ɗan abin da ya rage ne yake zama a jikin itacen. Ba asara ce zalla ba, don fitar ruwan ita ke sanyaya ganye, ita kuma ke jawo sinadaran taki daga ƙasa zuwa sama. Amma ka ga ke nan itace ba shi da hanyar cin moriyar haske sai ya biya da ruwa.

A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iska a bushe take ƙayau, ruwan yana fita da saurin da ƙaramar saiwa ba za ta iya maye gurbinsa ba. Sai ganye ya rufe ƙofofinsa ya sunkuya. Muddin suna rufe babu haɗa abinci, ko da rana ta cika duniya. Shi ya sa itace mai ƙishirwa a tsakiyar fili yunwa yake ji, kuma ganyensa yana ƙara zafi tunda abin da ke sanyaya shi ya tsaya. Yawancin aikin da dashe yake yi a watan Afrilu da Mayu tsakanin fitowar rana ne da hantsi, sai kuma ɗan abin da ba a rasa ba bayan la'asar.

Don haka kada ka yi wa dashe hukunci da azahar. Je ka duba shi da sassafe, bayan sallar asuba. In ka tarar ganyen ya miƙe ya yi tsaye, yaushin jiya kariyar kai ce kawai, ba ciwo ba. In kuwa da asuba ma a yanƙwane yake, to akwai magana, kuma iri biyu ce. Tura yatsa cikin ƙasar ledar har gaɓa ta biyu. In a bushe take, ruwan da ake zubawa ba ya ratsawa. Sau da yawa ƙasar leda in ta taɓa bushewa sosai sai ta janye daga jikin ledar, ruwa ya bi gefe ya zube ƙasa, tsakiya tana nan a bushe. Irin wannan sai a tsoma ledar cikin bokitin ruwa har kumfa ta daina fita. In kuma ƙasar jagab take amma ganye a yanƙwane, saiwa ce ta fara ruɓewa, ƙarin ruwa kuma ƙarasa ta zai yi.

Akwai wani abu da ke damun na fili wanda ba a cika lura da shi ba, wato ita kanta baƙar leda. Taɓa gefenta na yamma da ƙarfe uku na rana ka ji. Saiwoyin da ke manne da wannan gefen dafuwa suke yi. Maganinsa ba kai su inuwa ba ne. Ka matse ledojin jikin juna a jere, ka tara ƙasa ko ka jingina zana a gefen layin waje, ko ka haƙa ɗan kwari mai zurfin ledar ka jera su a ciki. Ganye yana rana, saiwa tana sanyi. Sai dai duk bayan mako biyu ka ɗaga kowace leda, in saiwa ta huda ta shiga ƙasa ka yanke ta da wuƙa mai kaifi, in ba haka ba ranar dashe za ka fizge rabin saiwar ka bar ta a nan.

Yanzu ga na gindin darbejiya. Hasken da ke isa wurinsu kaɗan ne, kuma ba ƙarancinsa kaɗai ba ne, ya ma canja. Ganyen babbar bishiya ya riga ya tsotse ɓangaren hasken da tsiro yake amfani da shi, abin da ya ratso ya sauko ƙasa shi ke shaida wa ƙaramin cewa akwai wani a kansa. Da ya ji haka sai ya zuba ɗan abincin da yake da shi a tsawo, yana neman ya ɓullo sama. Dubi tazarar da ke tsakanin ganye da ganye a jikin karan: a na inuwa za ka ga ta kai tsawon yatsa, a na fili kuwa ganyen a cushe suke kusa da juna. Ganyen inuwa fāɗi gare shi amma ba kauri, kuma ɗan maiƙon nan da ke rufe fatar ganye yana hana ruwa tsiyayewa bai yi kauri a jikinsa ba. Wanda ya biya kuɗin wannan tsawo duka ita ce saiwa.

Ina so ka gani da idonka, don ya fi duk bayanina. Sadaukar da darbejiya biyu, ɗaya daga kowane rukuni. Tsaga ledar, ka girgiza ƙasar a cikin bokitin ruwa a hankali, ka shimfiɗa su a kan buhu gefe da gefe. Ta fili za ka ga karanta ya kusa kaurin fensir, ya fara yin ruwan ƙasa daga gindi, saiwarta kuma cunkus, da farare-fararen 'yan rassa kamar gashi sun riƙe ƙasa. Ta inuwa ta ninka ta a tsawo, karanta kore ne mai taushi, kana lanƙwasa shi ba ya komawa, a ƙasa kuwa 'yar saiwa ce guda da 'yan zare kaɗan. Magidanci ne mai baki ashirin a gida da samun mutum biyu: muddin ana zaune a inuwa ana kawo masa ruwa safe da yamma ba a gane ba, ranar da aka kai shi gona ne asiri ke tonuwa. Abin da ya sami na bara ke nan. Damina ta rufa musu asiri wata biyu ko uku, hunturu ya fara tatsar su, bazara ta ƙarasa.

Ba wai inuwa ba ta da amfani a wurin reno ba. Iri da ya tsiro jiya, ko ɗan tsiron da aka cire daga kwanciya aka sa a leda, ko mangwaron da aka yi wa aure kwanan nan, duk suna son a rage musu rana na mako biyu zuwa uku. Amma inuwar da ake nufi ita ce ta rumfa mai shara-shara, ta karan dawa ko zana da aka yi wa tazara, wadda in ka tsaya a ƙarƙashinta za ka ga rabi haske rabi inuwa a ƙasa. Koren ragar da ake sayarwa don wannan aiki ma haka take. Kuma rumfa ana rage ta, ana zare kara ɗaya-ɗaya har a yaye ta gaba ɗaya. Gindin bishiya ba a zare shi. Makonni huɗu zuwa shida na ƙarshe kafin dashe ya kamata ɗan itace ya yi su a rana tsantsa, ana kuma ɗan ja masa rai da ruwa, a bar saman ƙasar ya sha iska kafin a ƙara. Masu sayar da dashe da yawa ba sa yin haka, don dogo mai sheƙi shi ke jan mai saye. In ka je saye, ka fi kallon kaurin gindi a kan tsawo. Mai tsawon santimita 30 zuwa 40 da kauri ya fi mai kai wa ƙugu.

Dogayen naka ba su ɓaci ba tukuna, amma kada ka kwashe su yau ka zube a fili, kwana biyu ganyen zai yi fari ya ƙone. Ka matsar da su gabashin bishiyar, inda za su sha ranar safe zuwa hantsi, su yi mako guda. Mako na biyu ka ƙara fito da su yadda inuwa ba za ta same su ba sai bayan azahar. Mako na uku su koma cikin 'yan'uwansu. Wasu tsofaffin ganye za su zube, kada ya dame ka, ganyen da ya girma a inuwa ba ya komawa na rana. Sabon tohon da zai fito shi ne abin dubawa. Darbejiya da zogale da suka yi tsawo fiye da kima ka datse musu kai, ka bar kamar kamu ɗaya, za su yi toho. Mangwaro kuwa ka bi shi a hankali, kada almakashi ya sauka ƙasa da wurin auren, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da wurin ka cire shi, na uwar gindi ne.

Itatuwan ma ba halinsu ɗaya ba. Zogale, darbejiya, gawo, bagaruwa, kuka, turare, duk 'yan rana ne tun suna ƙanana, inuwa ba ta ƙara musu komai sai lalaci. Maɗaci yana jure 'yar inuwa a farkon rayuwarsa, amma ba ya yin gaba sai ya sami sarari a kansa. Mangwaro yana son rana, sai dai sabon ganyensa mai ja-ja ɗin nan mai laushi yana ƙonewa a bazarar farko, don haka ana kafa masa 'yar zana ta yamma ta tare ranar la'asar, a bar gabas da sama a buɗe. Masu son inuwa ta gaske su ne irin goro da koko, 'yan kurmi, shi ya sa a kudu za ka ga an fara dasa ayaba kafin a sa su a tsakani. Wanda ya ga haka a Ondo ya zo Jigawa zai yi wa darbejiya, ya ɗauko darasin da ba nata ba.

Kuma in ka zo dashe, kada ka ce bari in sa su kusa da babbar bishiya don su sami sauƙin rana. Wannan shi ne wuri mafi muni a gonar. A sama ta tare haske, a ƙasa saiwoyinta sun mamaye ko'ina, har sun wuce iyakar inuwarta, kuma duk ruwan da ka zuba wa ƙaramin su za su riga shi sha. Turare ya fi kowa wannan hali, darbejiya na bin sa. Gawo ne kawai ya fita daban, shi da yake zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, uwar saiwarsa kuma can ƙasa take neman ruwa. Abin da ya sa gero ke yin kyau a gindinsa ke nan.

Sai batun ruwa, kuma a nan ne na fi ganin ana wahalar banza. Kano tana samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, Maraɗi wajen 500, ku kuna tsakani, kuma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka. Abin da rana da iska za su iya ɗaukewa a shekara kuwa ya haura milimita 2,000. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya fāɗi. A tsakiyar bazara rana ɗaya tak tana iya shanye milimita 7 ko 8 daga ƙasa mai laima.

To, yi lissafi da ni. Ka yi wa dashe ɗan kwari a gindi mai fāɗin santimita 60. Yaro ya zo da gwangwani ya zuba lita 2. Wannan kamar ruwan sama ne na milimita 7, zai jiƙa saman ƙasa kamar tsawon yatsa, kafin gobe war haka rana ta kwashe abinta. Saiwa kuwa inda laima take nan take bi, sai ta yi zamanta a sama, a daidai wurin da rairayi ke yin zafin da ba ka iya taka shi ba takalmi. Ranar da yaron ya yi fashi, ko aka tafi hutun makaranta, shi ke nan. Amma in ka juye jarka guda sau ɗaya a mako, lita 20 zuwa 25, a wannan kwarin a hankali, ya zama kamar ruwan milimita 70 ko fiye, a jigawa zai sauka rabin mita har ya wuce. Saman zai bushe, busasshen saman ma ya zama murfi, ƙasan kuma ya riƙe laima kwanaki, saiwa ta bi shi ƙasa. Yawan ruwan da ka kashe a mako kusan ɗaya ne, lita 2 safe da yamma lita 28 ke nan, amma ɗaya ya gina saiwa, ɗaya ya ciyar da rana.

A kula, wannan maganar dashen da ke cikin ƙasa ce. Wanda ke leda ƙasarsa ba ta fi cikin kwano ba, ba shi da inda zai bi, dole a ba shi kullum a bazara, wani lokaci sau biyu. Mutane sukan ɗauki al'adar leda su kai ta gona, nan kuskuren yake.

Irin ƙasa ma yana canja lissafi. Rairayi yana shan ruwa da sauri amma abin da yake riƙewa bai fi rabin na ƙasa mai laka ba, don haka a jigawa za ka fi yawan komawa. A fadama da ƙasa mai yumɓu kuwa abin tsoro shi ne kwanciyar ruwa. Saiwa tana numfashi, tana bukatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, in ruwa ya cike wuraren nan kwana da kwanaki sai ta shaƙe ta ruɓe. Alamarsa ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube, itacen ya yi yaushi alhali gindinsa caɓa-caɓa, in ka tona ka ji wari. Gwanda kwana biyu a cikin ruwa ya ishe ta. Lemo kuma in ruwa yana taɓa jikin gindinsa kullum sai ya fara fitar da ƙaro yana ruɓewa daga nan. A irin wannan ƙasa a kan ɗan tudu ake dasawa, kwarin ban ruwa ya zagaye shi daga nesa kaɗan. Inuwa mai duhu da ruwa mai yawa in suka haɗu a wurin reno, nan ne za ka wayi gari ka ga 'yan tsiro sun faɗi, wuyansu ya tsuke ya yi baƙi daidai bakin ƙasa. Na gindin darbejiyarka ba sa shan ko rabin abin da na fili suke sha, saboda haka ba daidai ba ne a riƙa zuba musu mudu ɗaya.

Lokacin dashe ya fi kowace dabarar ban ruwa tasiri. Ka dasa da zarar damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu kamu guda, wato a wajenku daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, da yamma ko ranar da hadari ya rufe. Hakan zai ba saiwa wata biyu zuwa uku tana bin laima ƙasa kyauta, ga gajimare yana rage zafin rana. Ina jin takaicin bikin dashen da ake yi a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, a zo da 'yan jarida, a dasa dubbai, ruwa ya ɗauke bayan mako uku. Ana ƙirga abin da aka dasa, ba a dawowa a watan Mayu a ƙirga abin da ya rayu. Ramin ka haƙa shi tun kafin ruwa, rabin mita fāɗi da zurfi, na mangwaro ya ɗan fi haka, ka gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ranar dashe ka yanke gindin ledar da kaurin yatsa don ka cire saiwar da ta naɗe, ka cire ledar duka. Saiwar da ta saba zagaye a leda in ba a yanke ta ba haka za ta ci gaba da zagaye a rami, ba za ta nutsa ba.

In wani ɓangaren gonar fako ne, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, ka yi abin da manoman Illela da sauran yankin Tawa a Nijar suka farfaɗo da dubban kadada da shi: ramukan tassa, wato ƙananan ramukan tara ruwan sama, da rabin wata. Ana yin kunya mai siffar rabin da'ira, bakinta yana kallon inda ruwa ke gangarowa, a dasa itacen a ciki. Ruwan fili mai fāɗi sai ya taru wa itace guda.

Bayan nan abubuwa uku ne suke rage maka jigilar jarka. Na farko noma: mita ɗaya kewaye da gindi kada ka bar ciyawa ko ɗaya, don a shekarar farko ciyawa ta fi rana cutar dashe, saiwarta a sama take cunkus, ita ke fara shan duk abin da ya sauka, in ta yi tsawo kuma ta rufe shi. Na biyu rufe gindi da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa ko ganye, kaurin tafin hannu, amma a bar tazara kada ya taɓa karan, saboda gara. Inda gara ta yi yawa wasu sukan jera duwatsu ko fasassun tukwane a maimakon ciyawa, yana aiki. Na uku tulu: ka binne sabon tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba kusa da dashen, wuyansa kawai a waje, ka cika shi ka rufe bakin. Ruwan yana tsattsafowa ta jikinsa daidai inda saiwa take, rana ba ta ganinsa. Ga mangwaro a harabar makaranta ban san abin da ya fi shi ba, don ko an yi hutun mako guda yana nan yana aiki. Da hunturu kuma zanar nan da ka kafa wa mangwaro ta yamma, ka mai da ita gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa; busasshiyar iska tana tatsar ganye ko da garin da sanyi.

Abin da ya faru a Nijar ya isa hujja a kan maganar saiwa. An yi shekaru ana dasa itatuwan leda a tudu, mafi yawa suna mutuwa. Inda dashe ya yi nasara sosai, kamar layukan darbejiyar da aka fara kafawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, wuri ne da ruwan ƙasa yake kusa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara a gonaki toho ne daga kututturen tsofaffin itatuwa masu rai. Aka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ana datse sauran, abin da manoma suka kira sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta wannan hanya, ba tare da an ɗauki jarka ba. Rana ɗaya ce ke dukan tohon kututture da dashen leda, amma ɗaya yana zaune a kan saiwar shekara talatin. Don haka kafin ka haƙa rami, zagaya gonarka ka ga gawo ko kalgo ko sabara ko magarya nawa ne suke toho, ka bar su. Kaɗanya da kuka ma da ake zargi da jinkiri, shekarun farko a ƙasa suke aikinsu. Tono ɗan kuka mai wata shida ka ga dunƙulen da ya tara a saiwa.

Ga yadda zan tsara maka shekarar farko in ƙasarka jigawa ce. Da damina ba ka ba da ruwa sai in an yi fashin da ya wuce kwana goma. Ruwa na ɗaukewa kada ka jira sai ganye ya nuna, ka fara tun ƙasan tana da sauran laima, jarka guda a mako har ƙarshen hunturu. Daga Maris zuwa saukar ruwa, mangwaro jarka biyu a mako, maɗaci da darbejiya guda ta ishe su in an rufe gindi. Da yamma ko da sassafe, don ruwan ya sami nutsawa. Takin zamani kada ya kusance su da rani: yana tura sabon ganye a lokacin da saiwa ba ta iya ɗaukar nauyinsa, gishirinsa kuma yana ƙona saiwa a busasshiyar ƙasa. Ruwan wanki mai omo da yawa ma haka, amma na alwala da na wanke hatsi babu laifi. Zogale ko kuka in sun zubar da ganye da rani kada ka tumɓuke, kankare ɓawon da farce, in ka ga kore yana nan da ransa. Shekara ta biyu ka rage rabi, ta uku darbejiya da maɗaci su ci gashin kansu, mangwaro ne zai ci gaba da nema a tudu.

Kafin Yuli ka zauna ka ƙirga ruwanka. Itace 60, ko a jarka ɗaya-ɗaya, jarka 60 ne kowane mako na tsawon wata bakwai zuwa takwas, kuma a bazara in mangwaro 20 ne a ciki ya zama 80. In rijiyarku ko burtsatsen makaranta ba za su ɗauki wannan a watan Afrilu ba, ka dasa abin da za ka iya shayarwa ka kuma killace daga awaki, sauran ka rabar wa iyayen yara su sa a gida inda ruwan alwala ke zuba. Mangwaro ya zauna kusa da rijiya, maɗaci a bakin harabar inda babu abin da zai rufe masa sama, darbejiya da zogale su ne za ka iya turawa can ƙarshen gona.